YADDA ZA KA TALLATA LABARIN FIM ƊINKA DA WAYAR HANNUNKA

Kun saba ganin bayani a nan kan batir mai kumbura, da wayar da ta faɗa ruwa, da yadda ake ƙwato WhatsApp da aka sace. Yau zan ɗan kauce hanya, amma ba nisa zan yi ba, don duk maganar a kan wayar nan da ke hannunka za ta ƙare.

A teburin gyara, roƙon da na fi ji daga bakin matasa in waya ta ƙi tashi shi ne: "Oga, don Allah kada a yi mata filashin, akwai rubutuna a ciki." In ka ce wane irin rubutu, sai ka ji labari ne. Wani ya kai shafi ɗari, a manhajar Notes ko a wani guruf na WhatsApp da mutum ya buɗe shi kaɗai. Kowa burinsa wata rana ya ga sunansa a farkon fim. Amma in ka ce wa ka taɓa nuna wa, sai ya ce ya tura wa wani jarumi ta Instagram, yau wata takwas ko buɗewa ba a yi ba.

Ni ma cikinku nake. Gyaran waya ne sana'ata, rumfata tana Wurno, ina da kwastomomi daga Achida da Rabah, in hanya ta yi kyau kuma ranar Lahadi nakan kai teburina kasuwar Goronyo. A sakandare karatuna ya tsaya. Da dare in na rufe rumfa nake rubutu. Na samu damar halartar ɗaya daga cikin bukukuwan fina-finai da ake yi a Kano, kuma abin da idona ya gani nake so in ba ka, don in lokacinka ya zo kada kuɗin motarka ya tafi a banza.

INA AKE SAMUN MASU FIM ƊIN?

Ɗan uwa, ka fara cire rai daga akwatin saƙon jarumai. Saƙonnin da ke shiga can a rana sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ko ya karanta, mafi yawanci ba jarumi ke sayen labari ba. Furodusa ne, shi ke da kuɗin, sai darakta da zai ce zan iya ko ba zan iya ba. Su kuwa waɗannan, in ka je ofisoshinsu na kan titin Gidan Zu a Kano ba tare da wanda ya san ka ba, da wuya ka wuce bencin ƙofa. Amfanin bikin fina-finai ke nan: kwana uku ko huɗu ne da suke zaune wuri ɗaya, kuma sun zo ne da niyyar a yi musu magana.

Ga waɗanda ya kamata ka sa wa ido:

KILAF a Kano. Alhaji Abdulkareem Mohammed na kamfanin Moving Image ne ya kafa shi, an faro a 2018, kuma na fina-finan da aka yi da harsunan Afirka ne. Ana nuna fina-finai, ana bita, ana ba da kyaututtuka. Yawanci wajen ƙarshen shekara yake faɗowa. Ga mai rubutu da Hausa, wannan ya fi kusa da gida.

Zuma a Abuja. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wato NFC, ke shirya shi, hukumar da Ali Nuhu ke shugabanta tun watan Janairun 2024. Galibi a watan Disamba ake yi.

KADIFF a Kaduna, shi ma tun 2018. Sai AFRIFF da aka faro a 2010, yanzu a Legas ake yin sa. Babban yayansu duka shi ne FESPACO na Wagadugu a Burkina Faso, wanda ake yi tun 1969, duk bayan shekara biyu. In kuma ta wajen littafi ka fi ƙarfi, akwai HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa da aka faro a 2021, marubuta na haɗuwa can.

Ranaku suna canzawa, don haka ka bi shafukansu na Facebook ka kunna ƙararrawar sanarwa. Akwai kuma shafin FilmFreeway, inda bukukuwa da yawa na duniya ke sa ranar rufe karɓa da kuɗin shiga. Yawancinsu fim gamamme suke nema, amma wasu suna karɓar sikirif.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Abu uku za ka shirya a wayarka kafin ka tambayi kuɗin mota.

Na farko, ƙwayar labarin. Jimla biyu da za ka faɗa a numfashi ɗaya, ta ƙunshi wane ne, me yake so, me ya tare shi, me zai rasa in bai samu ba. Ga tawa, don ka ga misali: "Wani mai gyaran waya an bar masa waya ranar kasuwa, mai ita bai dawo ba, don an kashe shi a harin da aka kai da yammar. Matarsa ta zo tana roƙon a buɗe mata ko muryarsa ta ji, amma abin da ke cikin wayar zai nuna wanda ya shigo da maharan, kuma mutumin maƙwabcinsu ne." Shi ke nan. Ban faɗi sunan kowa ba, ban faɗi ƙarshe ba. In wanda kake gaya wa ya ce "to sai aka yi yaya?", ka ci rabin kasuwa.

Yadda na gwada tawa: na ɗauki muryata da rakodar waya ina faɗa, na saurara, na rage, har ta dawo ƙasa da daƙiƙa talatin. Sannan na riƙa gwada ta a kan kwastomomi masu jiran caji. Wanda ya ci gaba da danna wayarsa, na san akwai gyara. Ranar da wani dattijo mai sayar da tafarnuwa ya ce mini, "To mi yas samu matar?" na san ta nuna.

Na biyu, taƙaitaccen labari a shafi ɗaya tak. Farko, tsakiya, ƙarshe, da manyan mutane uku ko huɗu. Sunanka da lambarka a sama.

Na uku, kashi na farko na sikirif ɗin, a tsarin da masu aikin suka sani. Labari na littafi daban, sikirif daban. A sikirif kowace fitowa tana farawa da layi mai nuna CIKI ko WAJE, da wurin, da RANA ko DARE. Sai abin da ido zai gani a taƙaice, sai sunan mai magana da maganarsa. Abin da mutum ke saƙawa a zuci ba a rubuta shi, don kyamara ba ta ɗaukar zuciya. A tsarin da duniya ta saba, da rubutun Courier mai girma 12, shafi ɗaya yana zama kamar minti ɗaya a fim. Ka ga da kallo ɗaya furodusa zai san tsawon abin da ka kawo.

KAYAN AIKI A WAYA

Ba sai kana da kwamfuta ba. Ni duk rubutuna a Tecno na yi shi.

Gboard: ka shiga saitin harsuna ka ƙara Hausa, za ka samu ƙ, ɗ da ɓ. Kada ka raina wannan. Akwai bambanci tsakanin ƙafa da kafa, tsakanin ɓata da bata, kuma jarumin da zai karanta ba ya cikin kanka.

JotterPad ko WriterDuet: duka biyun suna jera maka sikirif bisa tsari. In sun yi wa wayarka nauyi, Google Docs ko WPS Office sun isa, ka jera da hannu.

PDF: kada ka tura wa kowa rubutunka a matsayin saƙon WhatsApp mai tsawo. Ka mayar da shi PDF, ka sa wa fayil ɗin sunan labarin da sunanka. Kafin ka tura, ka buɗe ka duba, don wasu nau'o'in rubutu suna mayar da ƙ da ɗ ɗan akwati.

Google Drive: kowane asusun Gmail yana da 15GB kyauta. Ka ajiye komai can. Wayar da ta mutu, in fanel ne ya ƙone, wani lokacin ko mu masu gyara ba mu iya ciro komai. Na ga yarinyar da ta yi kuka a gaban rumfata kan rubutun shekara biyu. Sannan ka danna zaɓin da ke barin fayil ya buɗu ko babu data. Mu 'yan wannan yanki mun san darajar haka, tun lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a watan Satumban 2021.

Sai fawa bank mai kyau da caja ta biyu. Sai kuma ka buga taƙaitaccen labarin a takarda kamar guda goma. Batir yana ƙarewa, takarda ba ta mutuwa.

ABIN DA TAFIYAR KE CI

Gaskiya zan gaya maka, abin ba arha ba ne ga ɗan ƙauye. Daga Wurno ka shiga Sakkwato, daga can ka bi ta Gusau da Funtuwa zuwa Kano, wuni guda ne cur a mota, kuma kowa ya san halin da hanyar take ciki. Da na haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da Keke Napep a cikin gari, ribar canjin sikirin kusan ashirin ce ta tafi. Ga rumfa a rufe kwana shida. Wanda wayarsa ta lalace ba zai jira ka gama mafarkinka ba, teburin gaba zai yi.

Ogana da ya koya mini aiki, da na je masa sallama, kallona ya yi ya ce, "Kai wanga yaro, mi kaka biɗa Kano? Ga sana'a hannunka." Na ce, "Oga, sana'ar tana nan, dawowa zan yi." Inna kuwa ba ta ce komai ba sai addu'a, amma na san ba ta yi barci ba.

Don haka ka yi lissafi. Kada ka ci bashi don zuwa biki, kada ka sayar da jarinka. Ka nemi ɗan uwa ko ɗan garinku da za ka sauka wajensa. Ka yi tafiyar rana. Ka tura wa wani na gida inda kake kai tsaye ta WhatsApp, akwai zaɓin awa takwas, in ya ƙare ka sake kunnawa.

IN KA SHIGA WURIN

Abin da na fara lura da shi: duk inda jarumi ya tsaya, nan matasa ke yin dafifi ana hoto. Wasu da takardunsu a hannu, sun zo daga nesa, amma hoto kawai suka koma da shi. Su kuwa masu yanke hukuncin suna gefe, ba wanda ya kula da su, don fuskarsu ba ta fitowa a talabijin.

Shi ya sa tun kafin in tafi nake tsayar da fim a YouTube daidai wajen sunaye, ina rubuta wa ya shirya, wa ya ba da umarni, wa ya rubuta. Ka san cewa Aminu Saira ne daraktan Labarina, Falalu Ɗorayi ne na Gidan Badamasi. Ka san marubuta irin su Yakubu M. Kumo, Ibrahim Birniwa, Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih. Ka san ɗan tarihin masana'antar, cewa daga Turmin Danya na 1990 aka faro fim ɗin bidiyo a Kano, kuma a 1999 sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa. Wanda ya ga ka san gidan da kake son shiga, ya fi ba ka kunne.

Ka halarci bita, ka zauna gaba. In an ba da damar tambaya, ka faɗi sunanka da garinku, ka yi tambaya ɗaya gajeriya a kan abin da aka tattauna. Kada ka mayar da makirfon wajen tallar labarinka, jama'a za su gaji da kai. Amfanin tambayar shi ne in an fito, an riga an san fuskarka.

Sannan kada ka raina ƙananan ma'aikata: mai haske, mai ɗaukar sauti, mai tace hoto, mai kula da ci gaban shiri. Su ne kullum a lokeshan tare da darakta. Ni ta nan ƙofata ta buɗe. Rana ta biyu na ga wani bawan Allah tsugune kusa da soket, ya riƙe caja a karkace yana ta tsaki. Duk mai gyara ya san wannan tsugunon. Na ce, "Malam, kawo in gani." Na sa ya kashe ta, na ciro ƙurar aljihu da ta dunƙule a bakin cajin da ɗan tsinken roba, minti uku caji ya kama. Ya ce nawa ne, na ce a bar shi. Ya ce daga ina, na ce Wurno. Ya ce me ya kawo ni. Nan na faɗa masa jimlolin nan biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gobe bayan Azahar ka same ni a nan." Ashe manajan shiri ne na wani furodusa.

Ba cewa nake kowa ya koyi gyaran waya ba. Abin nufi, ka shiga wurin da abin da za ka amfanar, ba roƙo kaɗai ba. Wani ya iya zanen fosta a Canva, wani ya iya yanka bidiyo a CapCut, wani ya iya fassara zuwa Turanci ko Larabci. Mutane sun fi tuna wanda ya sauke musu wani nauyi.

Wajen karɓar lamba, ka buɗe saitin WhatsApp, kusa da sunanka akwai alamar QR. Mutum ya haska da kyamararsa, lambarka ta shiga, ba sai ana ta maimaita lambobi cikin hayaniya ba. Duk lambar da ka karɓa, ka ajiye ta a asusun Google, ba a kan sim ba, ka rubuta aikin mutumin da inda kuka haɗu. Bayan kwana uku za ka tarar da Musa huɗu, ba ka san wane ne wane ba.

MINTI BIYAR GABAN FURODUSA

Ka gaishe shi yadda ya dace, ka ce, "Yallaɓai, in da hali minti biyu nake roƙo." In yana cin abinci ko yana waya, ka jira. Ka faɗi ƙwayar labarin, sannan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, amma shi ne aikin.

Wanda aka kai ni wajensa bai tambaye ni darasin da ke cikin labarin ba. Cewa ya yi, "To Basakkwace, wuri nawa? Mutum nawa? Kashi nawa?" Sai kuma, "Me zai sa mai kallo ya dawo mako mai zuwa?" Ka shirya wa waɗannan, don lissafin kuɗi ne. Kasuwar faifai ta mutu. Yanzu fina-finai masu dogon zango ake yi, ana sakawa a YouTube ko a tasha irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Kuɗin YouTube daga yawan kallo yake zuwa, ko fara biya ba a yi sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara a babban tsarinsu. Don haka labarin da ke da wurare kaɗan, mutane kaɗan, da ƙarshen kashi mai riƙe zuciya, shi ake so.

Ya ce harin kasuwa zai ci kuɗi: jama'a, babura, bindigogi. Na ce, "Yallaɓai, ba a ganin harin. Ana jin sa ne a saƙon murya na ƙarshe da mamacin ya tura daga wayar abokinsa." Wurarena huɗu ne: rumfar gyara, gidan mamacin, gidan maƙwabci, bakin gulbi. Nan ya gyara zama.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce tacewa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 kan rashin kai su tacewa kafin a sake su. Ba furodusan da zai zuba kuɗi a abin da zai maƙale. Ka duba rubutunka da wannan idon tun kana gida.

In an ce maka a'a, ka yi godiya, ka ce, "Wa kake ganin irin wannan labarin zai dace da shi?" Sau da yawa a'a ɗin tana zuwa da sunan wani.

TO IN AKA SACE MINI LABARI FA?

Wannan ita ce tambayar da ke hana mutane da yawa buɗe baki, kuma tsoron ba na banza ba ne. Ga yadda abin yake. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, ba ta kare tunani zalla. Abin da ka rubuta take karewa. In ka ce "labarin mai gyaran waya da wayar mamaci", kowa na iya rubuta nasa. Amma fitowa-fitowa da maganganun da ka zauna ka tsara, naka ne tun ranar da ka rubuta. Shi ya sa ban ji tsoron faɗa maka ƙwayar nawa a nan ba. Wanda bai taɓa zama a teburin gyara ranar kasuwar Goronyo ba, ba zai rubuta shi yadda na rubuta ba.

Abin da kake buƙata shi ne shaida. Google Docs yana ajiye tarihin kowane gyara da ranarsa. Ka tura wa kanka PDF ɗin ta imel kafin ka tura wa kowa. Ka sa sunanka a saman kowane shafi. In kana da hali, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da rajista ta intanet. Ka riƙa turawa ta imel ko WhatsApp inda rana da lokaci za su zauna, kada ka goge hirar. Ka ba da kaɗan-kaɗan: shafi ɗaya, in an nema kashi na farko, in an ƙara nema biyu ko uku. Sauran sai an yi yarjejeniya a rubuce, mai ɗauke da nawa za a biya, yaushe, da yadda sunanka zai fito. Ko a takarda ɗaya ce, da shaidu biyu.

BAYAN KA DAWO GIDA

Cikin kwana biyu ko uku ka tura saƙo gajere: sallama, sunanka, inda kuka haɗu, sunan labarin, sai PDF. Kada ka tura "slm" kaɗai ka zauna jira. Kada ka kira bidiyo. Kada ka tura saƙon murya na minti bakwai. In ba a amsa ba, ka bari mako biyu ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka kyale. Cikin mutum tara da na tura wa, uku ne suka amsa. Akwai wanda ya karɓi takardata da fara'a har da dafa kafaɗa, har yau alamar karantawa kawai nake gani. Haka kasuwa take.

Sai ka yi hattara da 'yan damfara, don suna bin sawun masu buri. Asusu mai hoton fitaccen jarumi zai turo maka cewa an zaɓi labarinka, ka biya kuɗin fom. Mai sayen labari shi ke biya, ba shi ake biya ba. Wani zai ce zai sa ka a guruf na marubuta, ka karanto masa lamba shida da ta shigo wayarka. Wannan lambar mabuɗin WhatsApp ɗinka ce, kana ba shi ya ƙwace. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun yau. Ke kuma 'yar uwa marubuciya, duk wanda ya ce ki turo hotonki ko ki same shi a masauki don a tattauna labari, ba labarin yake so ba. Ki tafi da muharraminki ko ƙawa, a haɗu a bainar jama'a.

ME YA SA SAI MU?

Wani zai ce duk wannan wahala don me, a bar wa 'yan Kano mana. To ka duba abin da ke ƙasarmu. A Wurno kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, garin da ya gina a matsayin ribaɗi. Baturen nan Barth ya sauka nan a 1853, zamanin Aliyu Babba. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, kuma can ya fara sarauta a 1934. Ga dam ɗin Goronyo a kan gulbin Rima, da ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje. Ga masu noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadama. Ga waɗanda suka baro ƙauyukansu suka zauna Gandi. Ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Ban ce ka fara da fim ɗin tarihi ba, dawaki da kayan sarauta sun fi ƙarfin sabon marubuci, kuma manyanmu ba a taɓa su da wasa. Amma rayuwar yau ta ishe ka.

Ka lura kuma, a fina-finai da yawa in ka ji Sakkwatanci, to an kawo mai ba da dariya ne. Ni ina so in ji uwa tana makokin ɗanta da harshen da Innata ke magana da shi, ba wanda ya yi dariya. Ba wanda zai rubuta wannan sai wanda ya tashi cikinsa.

Inda maganata take yanzu: furodusan ya nemi kashi uku, na tura. Ya dawo mini da gyare-gyare, ya ce matar ta yi shiru da yawa a kashi na biyu, ina kan aikin. Ba a biya ni ko sisi ba tukuna, ba a sa hannu a komai ba, kuma yana iya yiwuwa a ƙarshe ya ce bai yi ba. Sauran kashi goma suna Drive ɗina. Manajan shirin nan kuwa mun zama abokai, shi ke gaya mini in za a yi wata bita, ni kuma ina ba shi shawarar waya.

Aikin da zan bar maka a daren nan ƙarami ne. Ka buɗe labarin nan da ke Notes, ka kwafe shi zuwa Google Docs kafin wayar ta ba ka mamaki. Sannan ka rubuta shi a jimla biyu, gobe ka gwada a kan mutum uku da ba sa jin kunyarka. In ɗaya ya ce "sai aka yi yaya?", ka fara tara kuɗin mota.

Allah Ya sa albarka a abin da muke nema, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu.